Ranar Da Yahudawa Ke Rawa Da Attaura

Jama'a, sau da yawa idan muka ji an ambaci Shari'ar Musa, sai mu ɗauke ta kamar kaya mai nauyi a ka. Yahudawa masu ibada kuwa suna da rana guda a shekara da suke rungumar wannan Shari'a su yi rawa da ita.

Sunan ranar Simhat Tora, wato Murnar Attaura. Takan zo a ƙarshen Idin Bukkoki, cikin Satumba ko Oktoba. An kasa littattafan Musa biyar kashi 54, ana karantawa a majami'a kowace Asabar. A wannan rana ake karanta ƙarshen Maimaitawar Shari'a, inda Musa ya rasu, nan take kuma a koma Farawa sura ta ɗaya. Ba hutu tsakani. Kafin karatun, akan fito da naɗaɗɗun littattafan duka daga ma'ajiyarsu, a kewaya da su sau bakwai ana waƙa, yara bisa kafaɗun iyayensu suna kaɗa tutoci.

Malamansu sun ƙirga umarnai 613 cikin Attaura, har da na abinci da na kiyaye Asabar. Duk da haka suna koyar da cewa a ba mutum umarni girmamawa ce, domin uba ba ya aiken ɗan da bai amince da shi ba. Abin da ya fi taɓa mu shi ne, littafin a rufe yake lokacin rawar. Masani da wanda bai iya karatu ba, kowa rabonsa ɗaya.

Kada mu zaci murna ce ta masu zaman lafiya kaɗai. A zamanin Tarayyar Sobiyet gwamnati ta rufe majami'u masu yawa, ta kuma danne koyar da Ibrananci. Amma tun daga shekarun 1960, dubban samari da 'yan mata sukan cika titin Arkhipova a Mosko, gaban babbar majami'a, a daren wannan idi. Da yawansu ba su san ko harafi ɗaya na Ibrananci ba. Sun san akwai 'yan leƙen asiri cikin taron, sun san kuma mutum na iya rasa aikinsa ko gurbinsa a jami'a. Elie Wiesel, wanda ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya je Mosko a 1965, ya tsaya cikinsu ya ga rawar da idonsa.