Uwargida, A Mayar Ko A Zubar? Yadda Ake Adana Ragowar Abinci A Firiji

A yau gidaje da yawa sun mallaki firiji, wasu ma har da babbar firiza ta ajiye nama. Wannan abin farin ciki ne, domin ɓarna ta ragu, yawan aike kasuwa ma ya ragu. Miyar da a da sai an yi sammako an ɗumama ta don kada ta yi tsami, yanzu tana iya yin kwanaki lafiya lau.

To amma akwai wata tambaya da take yawan tasowa a tsakanin mata. Idan an fito da nama ko miya daga firiza ta narke, ko kuwa an ɗauke wuta ta narke da kanta, ana iya mayar da ita ta sake daskarewa? Wasu sun ce sam ba a yi, wai guba take zama. Wasu kuwa ba ruwansu, tukunya guda ce za ta yi ta shiga da fita har ta ƙare. Dukansu biyu akwai gyara a maganarsu. Amsar ita ce ana iya mayarwa, muddin abincin bai rabu da sanyi ba tun da aka ajiye shi. Idan kuwa ya sha zafin ɗaki na awoyi, babu ƙanƙarar da za ta gyara shi.

Maganar ba ta wasa ba ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a kowace shekara mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma su mutu. A cikin masu mutuwar, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Sanyi barci yake sa su

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Barci kawai yake sa su. A cikin firiza, inda sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, suna tsayawa cik ba sa hayayyafa. A cikin firiji, inda sanyi bai kamata ya haura digiri 5 ba, suna tafiyar hawainiya. Amma da zarar abinci ya shiga tsakanin digiri 5 da digiri 60, sai su farka. A irin wannan ɗumi ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu a kowane minti 20.

'Yan makaranta, ku ɗauki fensir ku gwada wannan lissafi. Ɗaya ta zama 2, 2 ta zama 4, 4 ta zama 8, a cikin awa ɗaya ke nan. In kuka ci gaba da ninkawa har awa 7, za ku tarar ƙwayar nan guda ta haura miliyan 2. Daga lokacin da aka kwashe tuwon dare zuwa asuba ke nan.

Saboda haka ne masana suka ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje kafin ya shiga firiji. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. Ke ma kin san a watannin Maris, Afrilu da Mayu, a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri zafi yakan haura digiri 40, balle cikin kicin inda wuta take ci.

Kada kuma ki dogara ga hanci da harshe. Ƙwayoyin da ke sa miya ta yi tsami ko nama ya yi wari daban suke da waɗanda ke kawo amai da gudawa. Abinci yana iya ƙamshi, ɗanɗanonsa daidai, amma ya kwantar da gida guda.

Daga tukunya zuwa firiji

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ƙatuwar tukunyar miya a cusa ta firiji yadda take. Gefe zai yi sanyi, tsakiya kuwa ta kwana da ɗumi, a nan ne kuma ƙwayoyin da ke son miyar nama suke samun wurin zama. Ga yadda ya dace:

1. Ki raba abincin a ƙananan robobi ko samiru masu faɗi, zurfin abincin kada ya wuce inci 2.

2. In kina sauri, ki tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwan sanyi, kina juya miyar da ludayi mai tsabta har tururi ya lafa.

3. Ba sai abinci ya huce sarai ba. Da tururi ya ɗauke, ki rufe ki sa.

4. Dafaffen abinci a sama, ɗanyen nama da kifi a ƙasa cikin rufaffen kwano, don kada jininsu ya ɗiga a kan abin da za a ci.

5. Abincin da aka riga aka sa hannu a ciki, kada ki juye shi a kan wanda ba a taɓa ba. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a hannu da hancin mutum, tana kuwa zuba dafin da tafasa ba ta kashe shi.

Shinkafa tana bukatar kulawa ta musamman. Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar cuta mai sulke, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Idan dafaffiyar shinkafa ta jima a ɗumi, ko a tukunya ko a kular da ta fara hucewa, sai ƙwayar ta tsiro ta zuba dafi, shi ma kuma ɗumamawa ba ta lalata shi. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar a sanyaya shinkafa cikin awa 1, kada ta wuce kwana 1 a firiji, kuma sau ɗaya tak za a ɗumama ta. Wannan ya shafi dafa-duka da shinkafa da wake da tuwon shinkafa.

Kwana nawa?

Ragowar dafaffen abinci yana iya yin kwana 3 zuwa 4 a firiji. A cikin waɗannan kwanaki kina iya ɗauke shi ki mayar firiza, babu laifi. Amma gara ki yanke shawara tun ranar farko. Miyar da ta yi kwana 3 a firiji kafin ki daskarar da ita, ranar da ta narke daga kwana na 3 za ta ci gaba da ƙirga, don haka a ranar za a cinye ta.

Dalilin da ya sa firiji yake da wa'adi shi ne, akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Listeriya, wadda take hayayyafa ko a cikin sanyin firiji. Ta fi illa ga mai juna biyu, domin tana iya jawo ɓari, sai jarirai da tsofaffi. A tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, ta kashe fiye da 200, aka kuma gano daga wani sarrafaffen nama ne da ake ci ba tare da dafawa ba.

A firiza kuwa, muddin sanyin bai yanke ba, abinci ba ya zama haɗari, sai dai daɗinsa ya ragu. Dafaffen abinci ya fi kyau a ci shi cikin wata 3 zuwa 4. Ki riƙa rubuta kwanan wata a jikin leda ko murfin roba, ki riƙa fara amfani da wanda ya riga shiga.

Saurin daskarewa shi ne sirrin ɗanɗano. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye, wanda ya je yankin Labrador na ƙasar Kanada ta yanzu a 1912, ya lura kifin da mutanen wurin suke kamawa yana daskarewa nan take saboda tsananin sanyi, kuma in an narkar da shi bayan watanni sai ka ce yanzu aka kama. Daga nan ya ƙera injin daskarwa cikin sauri, aka fara sayar da kayansa a kantunan Amurka a 1930. Abin da ke faruwa shi ne, in abu ya daskare da sauri, ƙananan tsinkayen ƙanƙara ne ke fitowa a cikinsa. In ya daskare a hankali kuwa, manya ne, su ke yayyaga naman ta ciki, ranar da ya narke romonsa ya tsiyaye. Saboda haka ki riƙa ƙulla nama daidai girki ɗaya ɗaya, ki matse iskar ledar, ki baje shi ya yi faɗi. Markaɗen kayan miya ma haka. Ki bar ɗan fili a saman roba, domin ruwa yana kumbura in ya daskare, shi ya sa kwalba ke fashewa. Ɗanyen ƙwai da ɓawonsa, da latas, da kokwamba, waɗannan ba na firiza ba ne.

Narkarwa, a nan maganar take

Yadda kika narkar da abinci shi zai nuna ko zai iya komawa firiza. Hanya 3 ce mai kyau.

Ta farko, ki sauko da shi cikin firiji tun daren jiya. Ita ce mafi aminci. Abin da ya narke ta wannan hanya, ɗanye ko dafaffe, kina iya mayar da shi firiza ba tare da kin dafa ba. Kaza da kifi da niƙaƙƙen nama da kayan ciki, a mayar ko a dafa cikin kwana 1 zuwa 2. Tsokar sa ko ta rago tana iya kai kwana 3 zuwa 5.

Ta biyu, ki ƙulle shi a ledar da ba ta yoyo, ki nutsa a ruwan sanyi, kina canza ruwan kowane minti 30. Ta uku, injin ɗumama abinci na lantarki ga mai shi. Abin da ya narke ta waɗannan hanyoyi biyu, dole a dafa shi nan take. Bayan ya dahu ya huce, to yana iya shiga firiza.

Hanyar da ba ta da kyau ita ce a ajiye kaza a kan tebur ko a rana tun safe, ko a jiƙa ta a ruwan zafi. Bayanta zai yi ɗumi ƙwayoyi su cika shi, alhali cikinta da sauran ƙanƙara.

Ki sani kuma, kowace narkewa da daskarewa tana rage wa abinci armashi. Nama ya bushe, kifi ya yi laɓo-laɓo. Wannan ba cuta ba ne, amma maigida zai ji a bakinsa. Abubuwa 2 kuwa ba a mayar da su ko kusa: askirim da ya narke, da nonon uwa da aka tatsa aka daskarar sannan aka narkar.

In an ɗauke wuta

Wannan ita ce babbar matsalarmu. Doka ta farko, a daina buɗe ƙofa, a kuma gargaɗi yara masu neman ruwan sanyi. Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firizar da take cike tana kai awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24. Don haka ki cike gurbin da babu komai da robobin ruwa, ƙanƙararsu za ta taimake ki ranar duhu.

In wuta ta dawo, ki duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda har yanzu akwai ƙanƙara a cikinsa, ko sanyinsa yake kamar na cikin firiji mai aiki, ki bar shi ya sake daskarewa. Nama ko kaza ko kifi ko miyar da ta narke sarai ta rabu da sanyi fiye da awa 2, ki zubar, kada ki ko ɗanɗana. In kin ga duhun zai daɗe, kada ki jira. Ki fito da naman tun da sauran sanyinsa ki soye shi.

Ga wata dabara ga mai yin tafiya. Ki zuba 'yan dunƙulen ƙanƙara a kofi ki ajiye a firiza. In kin dawo kin tarar sun haɗe sun zama curi guda, to a bayanki komai ya narke ya sake daskarewa, ba ki kuwa san awa nawa ya yi a haka ba. A nan sai a yi haƙuri da naman.

Lokacin layya ma a kula. Firizar da aka danƙara wa rago guda mai ɗumi a lokaci ɗaya tana daɗewa ba ta daskarar da tsakiyarsa ba. A unguwar da wuta ba ta zama, suya da kilishi da dambun nama irin na iyayenmu sun fi firiza amana.

Ɗumame

Ki ɗebi iya wanda za a ci, saura ya zauna a sanyi. Miya ta tafasa sosai, kina juyawa. Tuwo da shinkafa su turara har tsakiyarsu ta yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, watau su haura digiri 70. Ɗumi-ɗumi bai isa ba.

Idan kuwa wani a gidan ya kamu da amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In yaro ne ƙarami, ko mai ciki, ko tsoho, ko an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya yi tsanani, a garzaya asibiti.

Uwargida, mun san zubar da nama a wannan zamani na tsada akwai ciwo. Amma kuɗin kaza ɗaya bai kai kuɗin gadon asibiti ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Ku kuma 'yan mata, ku karanta wa iyayenku da ba su sami ganin wannan shafi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun sake saduwa.