Ciwon Diddige Da Kafaɗa: Allura Ko Na'ura?

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Manoma da 'yan dako na ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sukan yi kukan ciwon diddige, ko kafaɗa, ko gwiwar hannu, tun ba lokacin huɗa da girbi ba. Galibi jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ce aiki ya gajiyar. In hutu da gashi da motsa gaɓa ba su yi magani ba, akwai hanya biyu da likitoci kan bi. Ya kamata Hakimai su san bambancinsu, domin su faɗakar da jama'a.

Hanya ta fari ita ce allurar kotizon. Likita Philip Hench na Amurka ya fara gwada wannan magani ga mai ciwon gaɓoɓi a 1948, a 1951 kuma aka soma zuba irinsa cikin gaɓa da allura. Aikinsa kwantar da kumburi, har mutum ya ji sauƙi cikin 'yan kwanaki. Amma fa sauƙin ba ya cika wuce 'yan makonni ba. A ciwon gwiwar hannu ma an gwada an gani, bayan shekara guda ciwon ya fi komo wa waɗanda aka yi wa allura. In aka yawaita ta, jijiya takan yi rauni har ta tsinke, kitsen diddige ya zagwanye, fatar wurin ta yi fari. Mai ciwon sukari kuwa, sukarinsa yakan hau na 'yan kwanaki. Saboda haka likitoci ba su cika wuce uku ko huɗu a gaɓa ɗaya cikin shekara ba.

Hanya ta biyu ita ce na'ura mai bugun amo. An fara aiki da irin wannan bugu a birnin Munik na Jamus a 1980, don farfasa tsakuwar ƙoda ba tare da yanka ba. A 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa mai ciwon diddige. Akan ɗora kan na'urar bisa fata, ta riƙa aika bugu mai ƙarfi zuwa jijiyar, ya zaburar da jiki ya yi gyara da kansa. Akan yi sau uku zuwa biyar, mako mako. Da zafi sa'ad da ake yi, sauƙin kuma sai a hankali, cikin wata biyu ko uku, amma a ciwon diddige wanda ya daɗe yakan fi na allura ɗorewa. Ba a yi wa mai juna biyu, ko wanda jininsa ba ya saurin tsayawa.

Allura ta fi sauri, na'ura ta fi bukatar haƙuri, likita kaɗai ke zaɓa bayan ya duba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Manomin da jijiyarsa ta tsinke da damina ya rasa abincin shekara.

Don haka ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su gargaɗi mutane, kada su miƙa gaɓarsu ga masu yawo da allura a kasuwa ko a tasha irin ta Kwanar Dangora, gama allura marar tsabta takan sa gaɓa ta tara mugunya. Wanda ciwonsa ya wuce mako shida, a tura shi asibiti mafi kusa. In abin ya gagara, likita ya aika da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.