Bakteriya Masu Gadin Saiwar Kokwamba

Babu abin da ke karya zuciyar mai lambu kamar ya ga kokwambarsa ta fara yaɗo, sai kwatsam ta yanƙwane, alhali ga ruwa ga taki. Sau da yawa ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa take. Wata funfuna da masana ke kira Fusarium ita ce kan ruɓar da saiwa, ko ta toshe hanyar ruwa a cikin kara.

To, ashe ba kowace ƙwayar bakteriya ce abokiyar gaba ba. A ƙasar Finland masana sun zaƙulo wata mai suna Streptomyces griseoviridis daga ƙasar dausayi, aka mai da ita garin da ake sayarwa da sunan Mycostop. Akan cuɗa shi da iri, ko a dama shi cikin ruwan da za a bai wa shuka. Ƙwayoyin sai su mamaye saiwa, su riga funfunar samun abinci, su kuma fitar da sinadarin da ke hana ta girma.

Amma fa manomi ya lura, wannan rigakafi ne. Tun lokacin shuka ake sa shi, domin saiwar da ta riga ta ruɓe ba ta farfaɗowa.