Ko ka sani? Tsaka ta fi fatake yawo

A Zongon Wagadugu, da an yi magariba an kunna fitila a tsakar gida ko a teburin mai shayi, sai ga tsaka ta laɓe gefen haske tana dakon ƙwari. Nan da nan wani zai rarumi takalmi, don mun taso da jin cewa dafi gare ta. Ba ta da shi. In ta faɗa miya dai a zubar, saboda kashinta kan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa.

Dubi ƙafarta. Babu danƙo a tafin. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai dubban gashi, kowanne ya rarrabu ɗari-ɗari, siraran da ido ba ya gani. Suna kwanciya luf a jikin bango har ƙwayoyin zarrar gashin da na bangon su riƙa jan juna. A 2000 ne Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka suka auna ƙarfin gashi guda. In za ta ɗaga ƙafa, sai ta lanƙwasa yatsun sama, su saki. Idonta kuwa ba ya ƙiftawa, da harshe take share shi.

Ƙwanta ne sirrin yawonta. Biyu take yi, masu taurin ɓawo da jure bushewa, ta ɓoye su a tsagin katako ko cikin kaya, a loda a tafi da su. Wata tsaka ta Afirka yau ta cika Birazil, kuma masana da dama na ganin jiragen bayi ta bi. A ƙananan tsibiran Tekun Pasifik akwai wani jinsi da kusan duk mata ne, ƙwansu na ƙyanƙyashewa ba tare da namiji ba, don haka guda ɗaya in ta sauka daga kwalekwale ta isa ta cika tsibiri. Duk da haka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu wata tsaka daga Asiya ta iso Hawayi ta ƙwace wa wannan jinsin bangon da ke da fitila.

Ba kamar tsaka ba, kulɓa ita da rana take harka, ga santsi, ga sheƙi, tana sulalewa ƙarƙashin itacen girki. Ƙananan wani jinsinta suna da wutsiya shuɗiya shar, wadda ke jan idon tsuntsu. Yana cafka sai ta tsinke, kulɓar ta bar shi da wutsiya tana mutsu-mutsu, ita ta shige rami.