Siririn Bututun Kabon: Ina Rabon Kano A Cikin Wannan Ciniki?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina bayan kaka, ya ratsa ƙasar Ungogo da Dawakin Tofa har ya kai Bichi, zai ga gona tana bin gona, babu filin da aka bari banza. A ƙofar kowane gida akwai tarin kara, a ciki kuwa akwai murhu da tukunya wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin. Wannan baƙi, da gawayin maƙeri, da na tawadar almajiri, da wanda ke cikin fensirin ɗan makaranta, duk asalinsu ɗaya ne, wato sinadarin da masana ke kira kabon. Daga gare shi ne ake yin wani abu da ya shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar hankalin masu ƙera jiragen sama da manyan masana'antu, wanda ake kira nanotub, ko kuma a ce siririn bututun kabon.

Siffarsa ba ta da wuyar ganewa. Ƙwayoyin kabon ne suke jeruwa kamar saƙar zuma, sa'an nan saƙar ta nannaɗe kamar tabarma. Amma fa ƙanƙantarsa ta wuce misali, domin silin gashi guda ya fi mafi sirantarsa kauri wajen sau dubu hamsin. Cikin 1991 ne wani masani na kamfanin NEC a Japan, Sumio Iijima, ya bayyana shi ga duniya, ko da yake wasu masanan Rasha sun riga sun ɗauki hoton irinsa tun 1952. Da aka gwada shi sai aka tarar sili guda ya ninka ƙarfe ƙarfi sau goma-goma, nauyinsa bai kai sulusin na ƙarfe ba, ga shi kuma wutar lantarki da zafi suna ratsa shi cikin sauƙi.

To, a wurin mai ƙera jirgi babu albishirin da ya fi wannan, gama duk kilon da aka rage daga jikin jirgi an rage man da zai sha har ƙarshen aikinsa. Aka yi ta lissafi, aka yi ta alkawari. Abin da ya tabbata kuwa bai taka kara ya karya ba. Kumbon Juno da Amurka ta harba cikin 2011, ya isa duniyar Jupita cikin 2016, an lulluɓe wasu sassansa da mayafin nanotub don kare su daga tartsatsin lantarki. Cikin 2011 ɗin kamfanin Lockheed Martin ya ce zai sa shi a murfin bakin fiffiken jirgin yaƙi na F-35, wurin da ba ya ɗaukar nauyi. Shi kuwa Boeing 787, wanda kusan rabin nauyin gangar jikinsa haɗin roba ne da zare, da zaren kabon na yau da kullum aka gina shi, ba da nanotub ba.

Dalilin haka duk mai kaɗi ta san shi. Kyan auduga daban, kyan zare daban. Silin nanotub gajere ne, idan an tara su sai su cukuikuye, in an ja su kuma su zame wa juna, ƙarfin nan da aka gani a sili guda ya ɓace. Ban da wannan, hukumomin jiragen sama ba sa yarda da sabon abu sai an yi shekaru ana gwada shi, don kuwa ran mutane ake ɗauka. Kamfanin Bayer na Jamus ya buɗe masana'anta mai iya yin tan 200 a shekara cikin 2010, amma cikin 2013 ya nannaɗe tabarmarsa ya bar sana'ar, saboda masu saye ba su zo ba. Cikin 2014 kuma hukumar binciken cutar sankara ta duniya ta sanya wani nau'insa cikin abubuwan da ke iya haddasa cutar, lamarin da ya ƙara wa masu masana'antu ɗawainiyar kare ma'aikata daga shaƙar ƙurarsa.

Kasuwa ta buɗe ta inda ba a zata ba, wato batir. Garin da ke riƙe caji a cikin batirin litiyam ba ya barin wuta ta ratsa shi sosai, saboda haka tun asali ake cuɗa shi da wani baƙin kabon mai kama da kunkunniya. Nanotub yana yin wannan aiki da ɗan kaɗan, ya bar wa garin sarari. Yau kamfanoni irin su Cnano a ƙasar Sin da LG Chem a Koriya ta Kudu suna yin sa tan dubbai a shekara, yawanci don batiran motoci masu aiki da lantarki. Ana kuma zuba shi cikin roba da fenti da taya. Mai yiwuwa ne manomin Minjibir da ya sayi sabuwar wayar hannu yana ɗauke da shi a aljihu bai sani ba. A matsayin mai saye ke nan.

A matsayin mai sayarwa fa? Akan ji ana cewa sharar gona za ta wadatar da manomi, tun da masu bincike a ƙasashe da dama sun samu nanotub daga ɓuntun shinkafa da tuƙar rake a ɗakunan gwaji. Mai wannan magana bai zauna a karkarar Kano ba. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu yawa suke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya mutu ba, kuma asirin shi ne ba a zubar da komai. Kara shi ne darni, shi ne itacen girki. Harawa ta awaki da tumaki ce, takinsu kuma da tokar murhu su koma gona. Wanda ya kwashe kara ya kai masana'anta, abincin gona ya kwashe. Ɓuntun da ke taruwa a injinan casar shinkafa ne kaɗai za a iya kira rara.

Su kansu manyan kamfanonin ba da kara suke yi ba. Iskar gas suke turawa cikin tanderu mai zafin digiri 600 zuwa 1,000 ko fiye, ta bi ta kan ƙurar ƙarfe ko kobal, kabon ya rabu da ita ya tsiro sili-sili. Gas kuwa Nijeriya tana da shi har tana ƙona wani a banza a yankin Neja Delta. Cikin Yuni 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A nan ne ya kamata ma'aikatan tsare-tsare su sa ido, domin tanderun da ya ɗauki zafi ba ya jure ɗaukewar wuta, kuma rashin wuta na cikin abubuwan da suka durƙusar da masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Kano ba za ta yi gasa da Sin wajen yin nanotub a nan kusa ba, zancen ƙera sassan jirgi kuma ya fi wannan nisa. Abin da ke kusa da hannu shi ne sarrafawa: masana'antun roba da fenti na cikin birni su koyi cuɗa shi a kayansu, a kuma samu masu iya auna ingancin abin da aka shigo da shi. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna sun riga sun yi shi da hannunsu a ɗakin gwaji, sun gwada shi wajen tace ruwa. Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe cikin 1977, tana tsakiyar gonakin nan, kuma ɗalibanta na aji huɗu sukan koyi bambancin gawayi da lu'ulu'u a darasin kimiyyar sinadarai.