Ko Kun Sani? Zafin Rana Yana Iya Kayar da Jirgi Mai Saukar Ungulu

Zafin nan na watan Maris, wanda yake kora mutanen Limawa ta Minna zuwa inuwar zaure tun kafin azahar, yana iya zama sababin faɗuwar ƙaramin jirgi mai saukar ungulu jim kaɗan bayan tashinsa, alhali kuwa injinsa lafiya lau yake. Dalili shi ne, iska idan ta yi zafi sai kaurinta ya ragu; wadda ta kai digiri 40 ta gaza wadda take digiri 15 nauyi da kimanin kashi 8 cikin ɗari, saboda haka farfela ba ta samun abin riƙo sosai, injin ma ƙarfinsa ya ragu. Abin da ya fi ban tsoro, jirgin yakan ɗaga da farko ba wata alamar matsala, domin iskar da farfela take turawa ƙasa tana tokare shi muddin yana kusa da doron ƙasa. Amma da zarar ya yi sama da kamar faɗin farfelarsa, wannan tallafi ya gushe, idan kuwa kaya sun yi yawa sai ya soma nitsowa, ga itatuwa da wayoyin lantarki a gabansa. Ƙurar rani kuma takan rufe wa matuƙi ido, kamar yadda ta yi wa jirgin Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Yemi Osinbajo, a Kabba ranar 2 ga Fabrairu, 2019, ko da yake shi wajen sauka ne, kuma Allah Ya kuɓutar da kowa.