Zuga-zugi a cikin kumatu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ranar kasuwa a Gantsa ya san aikin yaron maƙeri. Ba a ba shi masaba, ba a ba shi awartaki. Zuga kawai. Fata biyu ne a gabansa, ya danna ta dama, ta hagu na shan iska, ya danna ta hagu, ta dama ta cika. Idan ya yi sakaci garwashi ya dushe, sai ya ji muryar maigida: "Kai, barci kake yi?"

Haka ɗan mabusa yake fara algaita. Abin da ke ba mutane mamaki a hawan Sallah a Dutse, lokacin da hakimai ke wucewa da makaɗansu, shi ne mai algaita ya yi ta busa ba a ji inda ya tsaya ya numfasa ba. Yara kan ce asiri ne. Zugi ne kurum. Yana tara iska a kumatu, ya matse ta cikin algaita, a daidai lokacin yana shaƙar sabuwa ta hanci. Kumatun nan da suka kumbura kamar an cusa goriba, su ne fatun.

Na ga wani yaro yana koyo da tsinken kara a ƙwaryar ruwa. Sharaɗin ɗaya ne, kada kumfa ta yanke. Ya ƙware, ruwa ya bi ta hanci, ƙannensa suna ta dariya. Mahaifinsa ko kallonsa bai yi ba, yana can yana feƙe beli, ɗan karan nan mai harshe biyu da ake sa wa a bakin algaita. Sai kumfa ta daidaita tukuna za a ba shi ramukan nan huɗu ya ɗora yatsu, daga nan a shiga take, wanda kunne ne kaɗai takardarsa. Algaita magana take yi, kuma wanda ya busa taken wani basarake a gaban wani ya jawo wa gidansu abin faɗa.

Turawa suna da 'yar uwarta, kilarinet, wadda ake gani a hannun 'yan badujala. A Nuremberg ta Jamus aka ƙera ta wajen 1700, harshenta ɗaya, kuma mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta mata shahararren kiɗa a 1791. Mai koyonta yana shekaru a makarantar kiɗa, yana karanta sauti a takarda, ya ci jarrabawa kafin ƙungiya ta ɗauke shi. Amma shi ma da sauti guda yake farawa, ya ja shi, ya sake ja, har maƙwabta su gaji.

Namu ba shi da takardar shaida. Jarrabawarsa tana zuwa ranar da uban ya gaji a tsakiyar hawa, ga ƙura, ga dawakai, ya miƙo masa algaitar ba tare da ya ce komai ba.